Tsawon Rai, Baƙunci da Sauraro: Haƙƙin Mazan Jiya a Kanmu

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya yanka wa kowane rai ajalinsa, Ya tsawaita na wanda Ya so, Ya gajarta na wanda Ya so, bisa wata hikima da Shi kaɗai Ya san iyakarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Safo da Madarunfa da sauran ƙasar Maraɗi, mas'alar da muke son mu tsaya a kanta a wannan fitowa ta shafi wasu dattawa ne da suke ƙarewa a gaban idonmu, wato tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi a zamanin mulkin mallaka, waɗanda muke kira mazan jiya. Waɗanda suka ga yaƙin duniya na biyu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka je Indoshin tsakanin 1946 da 1954, ko Aljeriya tsakanin 1954 da 1962, mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara 80. Tun da sojojin Faransa suka kammala ficewa daga Nijar a watan Disamba na 2023, wata tambaya ta taso wadda bai kamata a bar ta ga majalisar shayi kawai ba: yaya za mu ambaci mutumin da ya daɗe a duniya, amma ya kashe ƙuruciyarsa ƙarƙashin tutar wanda ya mallake mu? Shin tsawon ransa daraja ce? Shin yana binmu wani bashi?

Dattijon da ya shekara 104

Domin kada maganarmu ta tsaya a iska, bari mu kawo misali tabbatacce. A ƙauyen Thiowor na arewacin ƙasar Sanigal an yi wani dattijo mai suna Abdoulaye N'Diaye, wanda aka haifa a 1894. Yana ɗan shekara 20 aka kai shi Turai a cikin rundunar baƙaƙen sojoji da gwamna Faidherbe ya kafa tun 1857, wadda Faransawa suke jingina wa sunan Sanigal alhali kuwa an ɗebi mutanenta daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, har da tamu. An raunata shi a Beljiyam a 1914, ya halarci yaƙin Dardanel a 1915, aka sake raunata shi a Som a 1916. Kimanin mutum 200,000 aka kwasa daga Afirka baƙar fata domin wannan yaƙi, kuma kimanin 30,000 ba su dawo ba. Shi Allah Ya dawo da shi ƙauyensu, ya koma gona, ya rayu shekara 80 bayan an tsagaita wuta.

A 1998 gwamnatin Faransa ta yanke shawarar ba duk wanda ya rage daga sojojin wancan yaƙi babbar lambar girmamawarta. Aka sa ranar 11 ga Nuwamba domin jakada ya kai masa tasa har gida. Ranar 10 ga wata, ana cikin shirye-shiryen biki, Allah Ya karɓi ransa yana da shekara 104. Shi ne na ƙarshe da aka sani daga sojojin wannan runduna da suka halarci yaƙin farko. Lambar da aka jinkirta shekara 80 ta makara da kwana ɗaya.

Shin tsawon rai daraja ce?

Mutane sukan yi wa juna addu'a da cewa Allah Ya ja kwana, Allah Ya ja zamani, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai malamanmu sun koyar da mu cewa shekaru kamar taska suke, darajarsu tana ga abin da aka zuba a ciki. Ya zo a ruwayar Imam Tirmizi cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya kyautata, mafi sharrinsu kuwa wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya munana. Haka nan Imam Buhari ya ruwaito abin da yake nuna cewa wanda Allah Ya kai shi shekara 60, to, an yanke masa hanzari. Kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana neman tsari daga irin tsufan da yake mayar da mutum ga ƙasƙanci, inda sani yake gushewa bayan an same shi, kamar yadda aka yi ishara a Suratun Nahli da Suratul Hajji.

Daga nan muna fahimtar abu biyu. Na farko, tsawon rai ga mai shi jarrabawa ce kuma dama ce, domin kowace safiya da aka ƙara masa ƙofar tuba ce da aka bari a buɗe. Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, tsawon ran dattijo jarrabawa ce ga waɗanda suke kewaye da shi. Hisabin yadda ya yi da shekarunsa yana kansa. Hisabin yadda muka yi da furfurarsa yana kanmu. Ya tabbata a Sunna cewa girmama Musulmi mai furfura yana daga girmama Allah, kuma wanda bai san haƙƙin babba ba, bai ji ƙan ƙarami ba, ya kauce wa tarbiyyar wannan al'umma. Ba a sharɗanta a cikin haka cewa sai mun bincika takardun ƙuruciyarsa ba.

Hujjar masu cewa a manta da su

Amma adalci ya wajabta mu saurari masu ja, domin hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa: da hannun wa Nasara ya ci ƙasar nan? Rundunar Voulet da Chanoine da ta ratsa ƙasarmu a 1899, ta auka wa Lugu garin Sarauniya, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta ƙone garuruwa ta cika rijiyoyi da gawawwaki har ta iso yankin Tasawa, Turawan da ke cikinta ƴan ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne irinmu. Irin waɗannan sojoji aka tura Madagaska a 1947 domin murƙushe masu neman ƴanci, su aka tura Aljeriya su fuskanci Musulmi ƴan'uwansu. To, ta yaya za a kira wannan jarunta?

Ba mu musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ba mu yarda a shafe shi daga tarihi domin a faranta wa kowa ba. Zalunci zalunci ne ko da hannun wa aka yi shi, kuma tilastawa ba ta halatta zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. A kan wannan malaman fiƙihu sun haɗu. Sai dai shari'a ta koya mana rarrabewa tsakanin hukunta aiki da yanke wa wani mutum ayyananne makoma. Da yawa daga waɗannan samari ba su suka kai kansu ba. Bayan dokar ɗaukar soja ta dole ta 1919, kowace shekara akan aza wa kowane yanki adadin samarin da zai bayar, kuma sau da yawa ɗan talaka da maraya da wanda ba shi da gata su ake turawa. Aikin tilas kansa sai a 1946 aka soke shi. Wani ya tafi domin a saki mahaifinsa, wani yunwa ta kora shi. A cikinsu akwai wanda ya zalunta, akwai wanda aka zalunta, akwai wanda ya haɗa duka biyu, kuma babu mai iya tantance wannan sai Masanin abin da ke cikin ƙiraza. Kada mu manta cewa su Voulet da Chanoine ɗin, a kusa da Maijirgi cikin watan Yuli na 1899, sojojinsu ne baƙaƙe suka juya musu bindiga suka kashe su.

Kuma wanda yake zaton Nasara ya saka musu da alheri, to, ya tuna da sansanin Thiaroye kusa da Dakar. Ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin da suka dawo daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukumar lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin ɗaruruwa ne, kuma sai a watan Nuwamba na 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Idan mu ma muka juya musu baya, an zalunce su sau biyu ke nan: sau ɗaya a hannun baƙo, sau ɗaya a hannun jikokinsu. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta ruwaito hani ga zagin matattu, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wannan ya ishe mu ladabi.

Tsufa a baƙunci

A ƙarshen 1959, ana dab da ba ƙasashenmu mulkin kai, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da kuɗin fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Fanshon Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na Ba'afirken da suka kwana rami ɗaya yana nan inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Sanigal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, alhali ya riga ya rasu. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai daga farkon 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna cikin ƙasa.

Saboda irin wannan ne wasu dattawa suka bar iyalansu suka koma Faransa da tsufansu, suka zauna a ƴan ƙananan ɗakuna a unguwanni irin su Bondy da ke gefen birnin Paris, domin doka ta ce ba za a ba su tallafin tsofaffi ba sai sun zauna a can aƙalla wata 6 a kowace shekara. A 2017 aka ba mutum 28 daga cikinsu takardar zama ƴan ƙasa. A farkon 2023 aka ɗage musu wannan sharaɗi, kuma a watan Afrilu na shekarar mutum 9, masu shekaru tsakanin 85 da 96, suka sauka Dakar domin su ƙarasa kwanakinsu a cikin jikokinsu. Ya kai mai karatu, ka auna: dattijo mai shekara 90 yana azumi shi kaɗai a cikin sanyin Turai, ba mai miƙa masa ruwan alwala, saboda wata takarda.

Ka gwada wannan da abin da Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na Haraji game da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.). Ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya tambayi dalili, aka ce jizya da tsufa da buƙata. Sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya umarci ma'ajin baitulmali da ya kula da shi da ire-irensa, yana mai nuna cewa ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Wannan ita ce ƙa'idar: wanda ya ci moriyar ƙarfin mutum, nauyin rauninsa yana wuyansa. Da ita muke auna Faransa, kuma da ita za a auna mu a kan tsofaffin sojojin ƙasarmu, da tsofaffin malaman makaranta, da ƴan ci-ranin da suka dawo daga Libiya ko Kurmi hannu wofi bayan sun shekara 30 suna aiko da kuɗin hatsi.

Mu mutanen Maraɗi mun fi kowa cancantar sanin zafin baƙunci, domin birnin kansa Katsinawa ne da suka baro garinsu a farkon ƙarni na 19 suka kafa shi. Kuma a cikin sahabbai akwai Salmanul Farisi (R.A.), baƙo daga Farisa wanda ya sha bauta a hanya, ya kawo dabarar haƙa gwalalo a yaƙin Handaƙ daga ilmin yaƙin ƙasarsu, ya yi tsawon rai, ya rasu a Mada'in.  An karɓi abin da ya zo da shi, an ɗaukaka shi.

Darasi daga masu rediyo

Yaƙi da rediyo sun daɗe tare. A watan Agusta na 1914, farkon abin da Ingila da Faransa suka nufa a Afirka ta Yamma shi ne tashar wayar iska ta Jamusawa da ke Kamina a ƙasar Togo, wadda take haɗa Berlin da sauran ƙasashen da ke hannunsu, har Jamusawan suka rushe ta da kansu kafin su miƙa wuya. Bayan yaƙi na biyu kuwa, a ƙasashe da yawa, sojojin da suka koyi aikin tangaraho a barikoki sun koma gida da wannan sana'a suka mai da ita abin sha'awa. Su ne ake kira masu rediyon sha'awa: mutum ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira tasa ta kansa, ya kafa eriya a bayan gida, ya riƙa magana da wani a wata nahiya ta gajeren zango, domin irin wannan sauti yana dukan wani rufi na sararin sama ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Paris a 1925. Kowace ƙasa tana da harafinta: lambar ɗan Nijar takan fara da 5U, ta ɗan Nijeriya da 5N. Marigayi Sarki Husaini na Jodan, wanda ya rasu a 1999, yana cikinsu, lambarsa JY1, kuma talakawan ƙasashe sun sha yin hira da shi. Lokacin ambaliyar teku ta Disamba 2004, da wayoyi suka yanke a tsibiran Andaman na Indiya, irin waɗannan mutane ne suka riƙa isar da saƙonni.

A ƙasarmu wannan sha'awa ba ta yaɗu ba, amma mun san ƴar'uwarta. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, shekara ɗaya bayan BBC ta fara shirin Hausa, kuma daga 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka, inda jama'a suke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da cewa akwatin rediyon unguwa yana hannun tsohon soja ne, shi ne ya san inda Saigon take, shi ne yake fassara wa mutane labarin duniya.

Abin da ya ja hankalinmu ga masu rediyon sha'awa shi ne ladubbansu. Ba ka fara magana sai ka saurara ka tabbatar ba wani a kan layin. Ba ka magana sai ka faɗi lambarka, domin a san mai maganar. Ba a ciniki, ba a batsa. Idan aka yi hira, sai a aika wa juna kati a rubuce domin shaida cewa an yi ta, a rana kaza da sa'a kaza. Idan murya mai rauni ta taso daga nesa tana neman agaji, kowa yakan yi shiru ya ba ta wuri. Idan ɗayansu ya rasu, sukan ce maɓallinsa ya yi shiru. Wanda ya karanta Suratul Hujurati, ya san umarnin bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, kuma ya san yadda malaman Hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ka dubi kuma halin da muke ciki da wayoyin hannu, inda saƙon murya marar suna yake zagaye Maraɗi kafin la'asar, kowa yana turawa, ba mai tambayar daga ina.

Muryar dattijo ita ce murya mai rauni da take tasowa daga nesa. Ba ta iya gasa da hayaniyar zamani, sai an yi mata shiru da gangan. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi tsawon rai har ya zama na ƙarshen sahabban da suka rasu a Basra, kuma Tabi'ai ba su bar shi ya tsufa shi kaɗai ba: sun yi tafiyar kwanaki domin su zauna gabansa su ji. Da sun yi sakaci, da ilmi mai yawa ya shiga kabari tare da shi. Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, amma abin da ya gani ba ya amfanar kowa sai an tambaye shi.

Abin da ya rage a kanmu

Saboda haka muna kira ga ƴan'uwa da abubuwa huɗu. Na farko, duk gidan da yake da dattijo, soja ne ko manomi ko mahauci, namiji ko mace, a sami yaro mai ilmi ya zauna da shi ya rubuta labarinsa, da boko ko da ajami, ko ya naɗi muryarsa a wannan wayar da muke ɓata lokaci da ita, a rubuta rana da sunan wanda ya faɗa. A karɓi labarin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Na biyu, masu ilmin boko su taimaki tsofaffin sojoji da matan da suka bari wajen bin takardun haƙƙinsu, domin karɓar haƙƙi daga wanda ya ci ƙarfinka ba bara ba ce, ba kuwa cin amanar ƙasa ba. Na uku, kwamitocin masallatai su san tsofaffin da ke unguwarsu waɗanda ba su da mai kula da su, musamman baƙi, a sa su a gaba wajen zakka da sadaka. Na huɗu, mu kame harsunanmu daga yanke wa matattu hukunci. Mu faɗi gaskiyar tarihi a kan ayyuka, mu roƙa wa Musulmin da suka gabata gafara.

Duk girmamawar da za ku yi wa dattijo, ku yi ta yau yana ji yana gani. Yabon da aka ajiye sai ranar jana'iza mai shi ba ya jin sa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya gafarta wa wanda ya yi kuskure a cikinsu, Ya saka wa wanda aka zalunta. Allah Ya sa tsawon ranmu ya zama hujja gare mu, kada ya zama hujja a kanmu, Ya ba mu masu jin ƙanmu a lokacin rauninmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Allah Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.